Yadda Mai Sanƙo Zai Auri 'Yar Mai Man Gashi Da Kwamfutar Shafa

Kai mai sanƙo, matso kusa. Ba sai ka cire hular ba, na riga na sani. Idan zuciyarka ta faɗa kan yarinyar da ubanta ke sayar da man tsiro da gashi, kuma uban ya rantse a gaban jama'a cewa mai kai ƙwal ba zai shiga zuriyarsa ba, to ka zo inda ya dace. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci za a ɗaura. Ban ce gashi zai dawo ba, aure na ce.

Ba a littafi na samo hanyar ba. A kan Dilawar aka gwada ta, wanda rumfarsa ke jikin tawa a kasuwar kayan lantarki ta Hall Road, a nan Lahore. Shi wayoyin caji yake sayarwa, ni kuma ƙyallen goge gilashi, wanda za ka ga amfaninsa a gaba. Abin da ido bai gane mini ba, shi da kansa ya ba ni labari, yana yi yana dafe kai.

Mataki na ɗaya: Ka nemi hula, ka ƙirƙiri kawu

Gashin Dilawar ya fara yin ƙaura tun kafin ya kai talatin. Da farko goshi ne ya ƙara fili, daga baya tsakiya ta buɗe, sai filayen biyu suka haɗe. Ya sayi hular fatar ɗan rago irin ta dattawa, ya kafa ta a ka, ko a zafin watan Yuni da kwalta ke narkewa ba ya cire ta. Ka yi koyi da shi. Idan an tambaye ka, ka ce gadon kakanka ce, ka ɗan sunkuyar da kai. Ba mai sake tambayar marayan kaka.

Daga nan ya nufi shagon Hakim Karamat, mai maganin gargajiya a tsohon gari, wanda ya yi suna da Man Gezar Zaki. Kwalba ce koriya da hoton zaki, warinta yana riga mai ita shiga ɗaki. A bayan kanta akwai 'yar Hakim, Shagufta, tana liƙa wa kwalabe takarda.

"Na wa za a ba ka?" in ji ta.

"Na kawuna ne," in ji Dilawar. "Yana jin kunyar zuwa."

Dilawar ba shi da kawu. Amma daga ranar kawun ya zama mai ciniki na ƙwarai, duk ƙarshen wata sai an saya masa. Shekara biyu ana haka, ita tana tambayar lafiyar kawu, shi yana cewa ana samun sauƙi, har magana ta bar kan kawu ta koma inda kowa ya san za ta koma.

Ga inda matsalar take. Hakim yakan faɗa a shago da ƙarfi, yana shafa sumarsa da ta sha lalle, cewa kan surukinsa shi ne allon tallarsa, don haka mai sanƙo ko gaisuwa kada ya kawo. Sannan akwai yayar Hakim, Fuffo Nasrin (Fuffo goggo ke nan a wurinmu, mukan ƙara "ji" don girmamawa), wadda ta daɗe da yi wa ɗanta Jamshed tanadin Shagufta. Jamshed ba shi da aiki, ba shi da magana, amma yana da gashi har a bayan kunne. A gidan mai man gashi wannan ya fi digiri.

Mataki na biyu: Ka taho da alwalarka daga gida

Wannan mataki gajere ne, amma a nan ne akasari ake faɗuwa. Gidan surukai gidan salla ne, alwala kuwa sai da shafar kai, shafar kai kuwa sai an ɗaga hula. Saboda haka ka yi alwalarka a gida, ka kulle ƙofa, sannan ka riƙe ta da kyau har ka dawo.

Ka kiyayi abincin da ke gaba da alwala. Fuffo Nasrin ta lura Dilawar bai taɓa zuwa bakin famfon gidan ba, sai ta fara cika masa faranti da wake da farin kabeji duk ranar da ya zo.

"Ƙara mana, ɗan nan. Ko ba ka son girkina?"

"Ina so, Fuffo ji. Likita ne ya hana."

"Likita ya hana wake, ya bar ka da hular rago a wannan zafin? Allah ya haɗa ni da likitan."

Idan aka kai nan, ka yi murmushi ka yabi labulen ɗakin. Mutumin da ke yabon labule ba a cika binsa da tambaya ba.

Mataki na uku: Ka zama gwanin abin da surukinka bai sani ba

Tunda ba za ka yi takara da Jamshed a gashi ba, ka ja shi filin da ba shi da ƙafa. Dilawar ya zaɓi kwamfuta, kuma ba kowace iri ba, sabuwar nan da ake shafawa. Ya samo ta hannu, ɗan dandalin da ake jan yatsa a kai a jikin madannanta ya mutu, amma gilashin garau.

Bari in faɗa maka gaskiyar wannan na'ura, don ina jin haushinta. Shekara da shekaru kwamfuta tana zaune a kan tebur da mutuncinta. Ga madannai, ga linzami, ɗan ɓeran nan da ake ja a tebur kibiya tana binsa a gilashi. Wanda ya kai yatsa gilashin sai ya sha tsawa. Sai masu ƙera babbar manhajar, wadda ke jan ragamar komai a ciki, suka ga waya ta kwashe musu jama'a, suka ce su ma a shafa su. Amma ba su rushe gidan sun sake gini ba, fenti suka yi wa zaure.

Idan madannai na jikinta, kwamfutar ofis ce kamar ta da. Ka ɓalle su, sai ta rikiɗe. Alamomi su kumbura su ja baya da juna don yatsa ya samu wuri. Layin ƙasa ya ɓuya. Ka taɓa gurbin rubutu, wasu madannan su faso daga ƙasa su rufe abin da kake rubutawa. Ka danna ka ɗan daɗe, ta ɗauka shawara kake nema, ta jero maka zaɓi. Ka shafo daga gefe bisa kuskure, ta kawo maka yanayin garin da ba ka taɓa zuwa ba. Ka juya ta tsaye, ita ma ta juya abin da ke ciki. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi a ranka. Amma ka leƙa cikin gidan, tsofaffin manhajojin suna nan yadda aka bar su, da maɓallansu ƙanana kamar ƙwayar riɗi, waɗanda aka yi don bakin kibiya ba don yatsan mai cin paratha, gurasarmu mai maiƙo, ba.

Duk wannan kada ka faɗa wa kowa. Ka rungume ta a hammata, ka bi kasuwa kana cewa zamani ya canza. Dilawar ya bi rumfa-rumfa yana sanar da mutuwar linzami. Ya je shagon Hakim ya shafa gilashi sau biyu, hoton fure ya girma ya ƙanƙance, Hakim ya gyara tabarau ya ce, "Ikon Allah." Jamshed yana gefe yana taje kai, karo na farko ba wanda ya kalle shi.

Mataki na huɗu: Idan an nemi kawu, ka kawo shi

Gwaninta tana jawo aiki. Fuffo ce ta kawo shawarar, da murya mai zaƙi.

"Karamat, tunda yaron nan ya iya na'ura, ya haɗa maka talla mana. Ga kawunsa nan shekara biyu yana shafa man. A kawo hotonsa, kafin ya fara da bayan ya warke. Ko kawun ba ya ɗaukuwa a hoto?"

Hakim ya buga cinya ya ce ranar Lahadi, ranar da mahaifiyar Dilawar za ta zo da alewa a tsayar da magana, a nan za a nuna wa kowa. Idan tallar ta yi, a raba alewa.

A nan ne ake gane mai basira. Kana buƙatar kai mai sanƙo da kai mai gashi, kuma su zama kai ɗaya. To ai kana da shi. Dilawar ya tattaro hotunansa tun na gama makaranta, lokacin da sumarsa ke sauka har gira, da na bikin abokinsa, da na katin shaida, ya rufe ƙofa ya ɗauki na yau ba hula. Sai ya jera su a juye: na yau a farko, na makaranta a ƙarshe. Duk wanda ya bi jerin zai ga hamada tana komawa daji. Ka lura, ba ƙarya a ciki. Kowane hoto gaskiya ne, layi kawai aka sauya musu.

Mataki na biyar: Idan yatsa ya kasa, ka ce salo ne

Saura a yanke fuska a bar ƙoƙon kai. Manhajar yankan hoto tana cikin tsofaffin da na faɗa maka. A kowace kusurwar hoto akwai ɗan ɗigo da ake kamawa a ja, kuma ɗigon bai kai kan allura ba. Dilawar ya ɗora yatsa, hoton gaba ɗaya ya gudu gefe. Ya sake, ta tambaye shi ko yana son aika wa wani. Ya gwada da ƙaramin yatsa, ya gwada da farce, ya gwada da gindin cokalin shayi.

Na leƙo daga rumfata na miƙa masa linzami.

"Karɓi, Dilawar, minti biyu ka gama."

Ya waiga. Rabin layinmu suna kallo, mutanen da ya gama yi wa wa'azin mutuwar linzami.

"Haba, ɗan'uwa, wannan ai na kakanni ne. Ajiye kayanka."

Haka ake so. Kada ka yarda mutunci ya zube saboda minti biyu.

Can ya gano wata dabara. Akwai wurin da ake cewa hoto ya cika gilashi. Hotunansa dogaye ne, gilashin kuwa a kwance yake mai faɗi, don haka da hoton ya cika shi sai ya nuna daga gira zuwa sama kawai, sauran fuskar ta nutse ƙasa inda ba a gani. A gindin gilashin ga jerin ƙananan akwatuna, kowanne bai fi farce ba, ba mai gane ko mutum ne ko kankana. Dilawar ya yi hamdala, ya sayi ƙyalle biyu a wurina, ya goge gilashin har yana ɗaukar ido. Fuskar ba a yanke ta ba, tana nan a ƙasa tana jira.

Mataki na shida: Ka ɓalle madannai a gaban jama'a

Ranar Lahadi bayan la'asar aka hallara a ɗakin baƙin Hakim. Ga Hakim a kan kujerarsa, ga Fuffo da Jamshed a doguwar kujera, ga mahaifiyar Dilawar da kwalin alewa a cinya tana jan carbi da sauri, don ita ta san abin da ke ƙarƙashin hular. Shagufta ta turo keken shayi da sambusa, ta koma bakin labule ta tsaya.

Kada ka yi gaggawa. Ka buɗe kwamfutar a hankali, ka bari kowa ya ga ta ofis ce. Sannan ka kama gilashin da hannu biyu ka fizge shi daga madannan. Dilawar ya yi haka, ƙaras, Fuffo ta dafe ƙirji.

"Innalillahi, ya karya!"

"Ba ta karye ba, Fuffo ji, haka ake yi."

Alamomin suka kumbura a gaban idonsu, suka ja baya da juna. Hakim ya miƙo wuya. A wannan lokacin Dilawar ya ji a ransa cewa an gama, har ya saci kallon labule. Daɗi ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar da ya fara ganin gashi a matashin kai.

Mataki na bakwai: Kada ka miƙa wa dattijo

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma ba zai yiwu ba. Idan dattijo ya miƙo hannu, ba ka da ta cewa.

"Kawo nan, ɗana," in ji Hakim. "Man nawa ne, ni zan buɗe."

Dilawar ya miƙa da hannu biyu. Hakim ya ɗora gilashin a cinya, yatsunsa na sheƙi da man da ya wuni yana ɗurawa. Ya dubi jerin akwatunan. Mutum ne da ya yi shekara sittin yana karatu da rubutu da Urdu, bai taɓa fara layi daga hagu ba. Ya yi bisimilla, ya dangwala akwatin da ke ƙarshen dama.

Suma ta cika gilashi, baƙa wuluk, har gira.

"Masha Allah," in ji Hakim. "Wannan kafin ya fara ke nan? To me ya kawo shi wurina?"

"Hakim Sahib, ai wannan..."

"Bari mu gani."

Ya lashi yatsa, ya ɗauko shafi daga hagu ya kai dama, yadda ake buɗe kowane littafin kirki a garin nan. Na'urar kuwa tarbiyyar Turawa gare ta, a wurinta wannan shafar tana nufin a koma baya. Goshi ya ƙara fili. Hakim ya ɗaure fuska, ya sake shafawa. Tsakiya ta buɗe. Ya sake, filayen suka fara gaisawa. Jamshed ya ajiye mataji ya matso.

"Karamat," in ji Fuffo, "man naka aski yake yi?"

"Hakim Sahib, daga hagu ake farawa," in ji Dilawar.

"Daga hagu? A gidana? Ka taɓa ganin an fara abin arziki da hagu?"

"Na'urar ce haka aka ƙera ta."

"To a nan za ta koyi tarbiyya."

Ya yi shafa ta ƙarshe. Kai ƙwal ya bayyana, fitilar ɗaki tana haskawa a tsakiyarsa, ga kuma sawun yatsan Hakim na mai ya ratsa ta kai. Abin takaicin shi ne, a duk tsawon shekara biyun nan, wannan ne karo na farko da aka ba da labarin kan nan a daidai yadda ya faru.

Mataki na takwas: Ka yi addu'a kada a tsayar da ita

Hakim bai yarda da idonsa ba. Ya ce bari ya duba da kyau, ko kawun wata cuta gare shi daban. Ya ɗaga gilashin ya tsayar da shi a tsaye, yadda suke riƙe allon katako suna koyon rubutu tun suna yara, ya kawo shi kusa da hanci.

Na'urar ta yi ɗan jim, kamar mai tunanin ko ta rufa asiri. Sai ta juya. Hoto dogo ya samu gilashi dogo, ya miƙe gaba ɗayansa: ga sanƙo, ga gira, ga ido biyu, ga gashin baki, ga rigar da Dilawar ke sanye da ita a wannan zaman.

Carbin mahaifiyarsa ya tsaya. Hakim ya dubi gilashi, ya dubi Dilawar, ya sake duban gilashi.

"Kai," in ji Jamshed, wanda bai yi magana ba tun azahar, "kawun nan yana kama da kai."

Fuffo ta yi dariya har mayafinta ya zame. "Sannu da zuwa, Kawu! Ashe kai ne muke ta yi wa addu'a. A kawo wa Kawu ruwan alwala!"

Mataki na tara: Ka yi amfani da hular karo na ƙarshe

Idan ka iso nan, dabara ta ƙare, sai abin da iyaye suka bari. A wurinmu, idan namiji ya cire abin kansa ya ajiye a ƙafar babba, ya miƙa duk mutuncinsa ke nan, kuma babban da ya san kansa ba ya shure shi. Yawancin maza sukan mutu ba su yi ba.

Dilawar ya tashi. Ya kama hular fatar ragon da hannu biyu, ya ɗaga, iskar fanka ta taɓa wurin da ta daɗe ba ta taɓa ba. Ya durƙusa ya ajiye ta a kan takalmin Hakim. Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi ja, kuma yanzu ba abin da zai ɓoye su.

"Hakim Sahib, ba ni da kawu. Gashi ma ba ni da shi. Amma Shagufta nake so, wannan kam ba a juye na jera shi ba."

Dariyar Fuffo ta ɗan ragu. Hakim bai shure hular ba, bai kuma ɗauka ba.

Mataki na goma: Ka yi shiru, ka bar mai hankalin gidan ta yi magana

"Abba ji, shayinka zai huce," in ji Shagufta daga bakin labule.

"Ke kin san da wannan?"

"Tun kwalba ta biyu. Kawu ke shafawa, hular wannan ke wari."

Hakim ya juya kan Dilawar, ya rage murya. "Kai da kanka kake shafawa?"

"Ni ne, Hakim Sahib."

"Safe da yamma?"

"Safe da yamma."

"Da ɗumi, kamar yadda aka rubuta?"

"Da ɗumi. Har ina ɗaura tawul."

Hakim ya jingina da kujerarsa. Shagufta ta shigo ta ɗauki kofinsa ta ƙara masa shayi, tana magana kamar da butar take yi.

"Ni dai abin da nake tunani, Abba ji, idan ya fita gidan nan da ɓacin rai, da na'urarsa zai fita. Rumfarsa kuma a Hall Road take, inda kowa ke da waya a hannu. Kuma duk garin nan daga dama ake karatu, kamar yadda ka yi yanzu." Ta ajiye butar. "Bare yana da bakin magana. Suruki kuwa ɗan gida ne, abin da ya taɓa kwalbar ya taɓa tukunyarsa."

"Karamat, kada ka saurare ta!" in ji Fuffo. "Ka rantse a gaban mutane!"

Hakim ya dubi kan Jamshed, ya dubi kan Dilawar, ya daɗe yana kai da komo tsakaninsu, idonsa na ɗan kasuwa yana ƙara haske. Ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kaɗe ta, amma bai mayar wa mai ita ba. Ya cusa ta a bayan kujerarsa.

"Na rantse kan surukina zai zama allon tallata," in ji shi. "Ban faɗi wane gefen allon ba. Shekara arba'in ina neman mai sanƙon da zai yarda a ɗauke shi hoto, duk girman kai gare su. Maman Dilawar, buɗe kwalin nan, a sa wa kowa alewa a baki."

Mahaifiyar Dilawar ta buɗe kwalin tana kuka. Fuffo ta karɓi tata da hannun hagu.

Mataki na sha ɗaya: Ka zauna da abin da ka samu

An ɗaura, kamar yadda na yi maka alkawari. Yau idan ka tsaya a kowace mahaɗa a Lahore, za ka ga tallar a bayan kekunan haya masu ƙafa uku. A dama ga Dilawar, fuska da komai, an rubuta KAFIN. A hagu ga Jamshed da gezarsa, an rubuta BAYAN. Idan mai ciniki ya tambayi Hakim me ya sa surukinsa har yanzu kansa ƙwal, sai ya ce ai an hana shi shafawa ne, saboda talla. Yaran makarantun Turanci kuwa daga hagu suke karanta allon, suna tare Jamshed a hanya suna yi masa jaje tun kafin abin ya same shi, har ya fara duba matashin kansa da safe.

A kasuwarmu ba mai kiran Dilawar da sunansa, Kafin Sahib ake ce masa, wato Malam Kafin. Hular tana bayan kujerar Hakim har yau. Yana alwala a bakin famfon masallaci kamar kowa, yana cin waken Fuffo har ya nemi ƙari. Kwamfutar tana shagon Hakim, an sa mata linzami, an kuma manna mata takarda cewa kada a tsayar da ita.

Ya ce mini wani lokacin idan yana karyawa da safe, Shagufta takan zo ta bayansa ta ɗora yatsa a kan sanƙon, ta shafo daga hagu zuwa dama, ta leƙo ta duba.

"Me kike nema?" in ji shi.

"Ina gwadawa ne ko zai koma baya, in ga na makarantar nan."

"Ya koma?"

"Bai koma ba. Bar shi, wannan na zaɓa."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ƙyalle yake sayarwa, ba shi da hannu a aure, ko a mai, ko a manhaja. Idan ka bi matakan nan surukinka ya shure hular, ko budurwar taka ba ta kai Shagufta kai ba, ko masu ƙera na'urar suka sake sauya mata hali cikin dare kamar yadda suka saba, kada ka zo rumfata da ƙorafi, ban san ka ba, ban taɓa ganin kawunka ba. Idan kuma ciniki ya kawo ka, ƙyallen yana nan, mai laushi, ba ya barin sawu. Yana goge gilashi, kuma Kafin Sahib ya tabbatar mini yana yi wa kai ma.